Agogon Baba da Igiyar Tsohon Inji

Akwai wani matashi mai suna Habibu, haifaffen Madarumfa, amma a Maradi yake neman abincinsa. Sana'arsa haɗa pano, faifan nan da ke mayar da hasken rana ya zama kuran, wato wutar lantarki, da kuma sanya na'urorin zamani a gidajen masu hali. In ka bar masa gidanka kwana uku, sai ka dawo ka tarar ampul, wato ƙwan fitila, na kunna kanta da ka shiga ɗaki, fanka na tashi da zafi ya taso, ƙofa kuma na kai wa portabul ɗinka, wato wayar hannunka, rahoto duk lokacin da aka buɗe ta.

Habibu ya iya aikinsa, wannan ba a ja da shi. Matsalarsa guda ce: ba ya tambaya. In ya kalli abu sau ɗaya shi ke nan ya gane shi, ya gane mai shi, har ya gane abin da mai shi bai gane ba. Kun dai san irinsu, kusan kowane gida akwai ɗaya.

Mahaifinsa Malam Maman manomin lambu ne a bakin tabki. Ya haura shekara saba'in, kuma yana fama da hawan jini, abin da mutanen wurin ke ce wa tansiyo. Wata safiya yana jan igiyar injin ban-ruwa, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi cikin fangalin salati. Maƙwabtan lambu ne suka ɗauko shi a amalanken jaki zuwa asibiti.

Da labari ya kai Maradi, Habibu ya baro aikin da yake yi ko kayan aikinsa bai tattara ba. Ya ga mahaifinsa kwance, laka ta bushe a gemunsa, sai tsoro ya kama shi, irin tsoron da bai taɓa ji ba. Shi ne auta, kuma bai shirya zama maraya ba. Nan take ya yanke wa ransa cewa tsohon nan ba zai ƙara faɗuwa ba, in dai yana raye.

Bayan mako guda ya dawo da kwalaye ɗaure a bayan moto, wato babur. Kwana huɗu yana hawa yana sauka. Ya jera pano a kan rufi, ya sa ɗan akwatin rezo mai kawo intanet a zaure, ya sauya ampul ɗin gidan duka. Unguwa ta cika gidan da kallo. Mahaifiyarsa Inna Indo ta shiga ɗakinta ta fita ya fi sau goma, wai tana so ta kama wanda ke kunna fitilar.

"Auta, ita wannan ba ta gajiya da ganina?"

"Inna, motsi take ji, ba gani take yi ba."

"To Allah ya sa ba ta jin magana."

Kamara ce kaɗai Malam Maman ya hana. Ya ce gidansa ba kasuwa ba ne. Habibu ya haƙura, amma ya manna wata 'yar na'ura a jikin ƙofar zaure, wadda za ta sanar da shi duk shiga da fita.

Daga nan ya koma lambu. Ya cire tsohon injin mai shan isans, wato fetur, ya tura shi ƙarƙashin mangwaro, ya sa sabon famfo mai aiki da rana. Ya saita shi ta portabul: ƙarfe bakwai ya tashi, ƙarfe tara ya tsaya, ba mai taɓa shi. Yana tura tsohon injin ne ya lura babu igiyar tayar da shi, wadda ake naɗawa a ja.

"Baba, ina igiyar injin nan?"

"Tana inda take kwana."

Wani ɗa da ya ji wannan amsa zai ce, a ina igiya take kwana? Habibu kuwa ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da ɗaure waya.

Abu na ƙarshe shi ne agogo. Baƙi ne, mai madaurin roba, yana ƙirga taku, yana ƙirga bugun zuciya, yana kuma zana hanyar da mutum ya bi a kan taswira. Habibu ya ɗaura wa mahaifinsa, ya nuna masa yadda komai ke fitowa a portabul ɗinsa.

Malam Maman ya juya hannunsa yana kallon abin. "To in na yi gulmarka ma zai gaya maka?"

"Baba, daga yau hutu ne naka. Ruwa na zuwa da kansa, fitila na kunna kanta. Masallaci yana ƙofar gida. Ba sauran inda za ka je."

Tsohon ya ce, "To."

Habibu ya koma Maradi yana jin kansa kamar wanda ya gina asibiti shi kaɗai.

Washegari ƙarfe bakwai portabul ya yi ƙara. An buɗe ƙofar zaure. Habibu ya duba, sai ga takun mahaifinsa na hawa: ɗari biyu, ɗari biyar, dubu. Wajen ƙarfe goma ƙofa ta sake buɗewa, lissafi ya tsaya a dubu uku da ɗari huɗu. Ya kira.

"Baba, na ga ka fita. Lambun nan fa ba ya bukatarka yanzu."

"To."

Kashegari ma haka, dubu uku da ɗari huɗu. Jibi ma haka. Kullum Habibu ya kira ya yi bayani, kullum tsohon ya ce to, kullum kuma lissafin nan ya fito cif, kamar an auna da mudu.

Wata rana sai dabara ta zo wa Malam Maman. Ya ɗaura wa Inna Indo agogon ya fice abinsa. Ita kuwa ranar dakan gero take yi. Kafin hantsi portabul ɗin Habibu ya shaida masa cewa mahaifinsa ya yi taku dubu goma sha ɗaya a tsakar gida, zuciyarsa na bugawa kamar ta mai tsere. Da ya kira a rikice, Inna ta ɗauka tana haki, taɓarya a hannu. Ta yi dariya har da hawaye, amma shi bai yi ba.

Ranar Juma'a ya zo gida. Bayan an sauko daga masallaci ya zauna gaban mahaifinsa a zaure, ya yi maganar da bai kamata ɗa ya yi ba.

"Baba, na kashe abin da na kashe don ka huta, kana mayar da ni mahaukaci. In ka sake faɗuwa ni za a zaga a gari, a ce ina da hali na bar ka kana wahala. Wallahi in na ƙara ganin agogon nan ya wuce masallaci, mota zan kawo in kwashe ku ku koma Maradi. Can ba lambu, ba tabki."

Malam Maman ya gyara zamansa a kan tabarma. Ya san ɗansa, in ya ce zai yi, zai yi.

"Na ji," in ji shi.

Habibu zai hau moto Inna Indo ta biyo shi har ƙofa.

"Auta, ka taɓa tambayar Malam inda yake zuwa?"

"Lambu mana, Inna. Ai ina gani a nan." Ya ɗaga mata portabul.

Ta kalli portabul ɗin, ta kalle shi, ta koma ciki.

Magana ta yi aiki. Asabar taku ɗari huɗu. Lahadi ɗari uku da tamanin. Daga ɗaki zuwa masallaci, daga masallaci zuwa zaure. Habibu ya ji daɗi, har ya nuna wa wani mai gida da yake yi wa aiki, yana cewa ka ga amfanin ilimi.

Sai dai akwai wani lissafi a ƙasan na taku, shi kuma hawa yake yi. Zuciyar da a da take bugawa saba'in da 'yan kai in tsohon na zaune, yanzu ta koma tamanin da biyar, ta koma casa'in. Barcinsa ya ragu. Ranar Laraba Inna ta kira ta ce Malam ba ya cin abinci, da safe sai ya zauna a zaure ya fuskanci hanyar tabki, in an yi masa magana sai an maimaita.

Abin ya ɗaure wa Habibu kai. Mutum na hutawa, ta yaya zuciyarsa za ta fi wahala? Ranar Alhamis da rana yana zaune kan tsani a gidan da yake aiki, ya buɗe lissafin kwanakin baya, lokacin da tsohon ke fita. Karo na farko ke nan da ya tsaya ya kalli taswirar da kyau, ba adadin taku kaɗai ba.

Ashe layin ba ya tafiya lambu kai tsaye. Yakan bar babbar hanya ya karkata hagu, ta bayan inda masunta ke shanya komarsu. A taku na dubu da ɗari biyu sai ya tsaya cak. Minti arba'in ba motsi. Sannan ya ƙarasa lambu, ya ɗan zagaya, ya dawo ta wurin nan, ya sake tsayawa minti biyar, ya nufi gida.

Ya duba Litinin, haka. Ya duba Talatar da ta wuce, haka. Sai ya duba bugun zuciya a cikin minti arba'in ɗin nan, ya ga sittin da biyu. Duk yini, ko a kwance, zuciyar mahaifinsa ba ta taɓa natsuwa kamar yadda take natsuwa a wurin nan ba.

To mene ne a wurin? Taswira ba ta nuna komai ba sai fili da 'yan bishiyoyi. Habibu ya yi ta juya abin. Mai shayi ne? Mai maganin gargajiya ne? Ko inuwa ce kawai mai daɗi? Ya ɗaura waya a inda ba nan ba har sau biyu, mai gidan ya tambaye shi ko lafiya. Shi da ya saba gane komai da kallo ɗaya, yau ga wani ɗigo a taswira ya hana shi sakat.

Da sassafe ranar Juma'a ya hau moto. Bai shiga gida ba. Ya ajiye moton a bakin hanya, ya riƙe portabul, ya bi layin da ƙafa. Ya wuce mata masu ɗebo ruwa, ya wuce masu gyaran koma, ya karkata hagu inda layin ya karkata. Hanyar siririya ce tsakanin dangogin kara, kuma duk shekarunsa a garin bai taɓa bin ta ba.

A ƙarshenta akwai ɗaki guda na laka, da tsohon jirgin ruwa a kife, da bishiyar zogale da aka tsige ganyenta har iya inda hannu ke kai. Wani tsoho na zaune a kan tabarma a bakin ɗakin. Idanunsa sun yi fari fat. A kan cinyarsa akwai igiya mai mariƙin itace, ta sha hannu har tana sheƙi.

Tsohon ya ɗaga kai tun Habibu bai yi sallama ba. Fuskarsa ta buɗe, sannan ta rufe.

"Ba Maman ba ne. Maman jan ƙafar hagu yake yi. Wane ne mai sauri haka?"

"Habibu ne, Baba. Ɗan Malam Maman."

"Autan Indo? Zo ka zauna. Ni ne Arziki. Ba ka san ni ba, amma ni na san ka tun kana cin ƙasa."

Habibu ya san sunan. Yana jin sa a bakin mahaifinsa jefi-jefi, abokinsa ne tun suna kiwon awaki. Baba Arziki masunci ne, kuma addinin kakanninsa yake bi, bai taɓa taka masallaci ba. Malam Maman kuwa ɗan sahun farko ne. Shekara sittin suna tare, ba wanda ya taɓa jan wani zuwa nasa. Habibu ya ɗauka ma mutumin ya daɗe da rasuwa, don bai taɓa tambaya ba.

Ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa na kan igiyar.

"Baba, wannan ba igiyar injinmu ba ce?"

"Ita ce. A nan take kwana, shekara goma sha ɗaya ke nan."

Tsohon ya ba shi labari a hankali, yana hutawa tsakanin magana. Shekarar da idonsa ya mutu, matarsa ta riga ta rasu, ɗansa guda da ya rage ya tafi ci-rani Najeriya, shiru har yau. Mutane suka fara kawo masa abinci, shi kuma yana mayarwa. Mutumin da ya ciyar da rabin unguwa da kifi ba zai zauna ana miƙo masa ba. Sai wata safiya Maman ya zo yana faɗa, wai ɓarayi sun dame shi a lambu, yana neman amintaccen da zai riƙa ajiye masa igiyar inji. Ladan mai ajiya shi ne furar safe su sha tare, in an dawo da igiya kuma a ba shi rabonsa na salati da tumatir da ɗan abin da ya samu.

Baba Arziki ya yi dariya, dariyar ta zama tari.

"Kai da ka yi lakwal, ka sha boko, ka taɓa jin ɓarawon da ya bar inji ya saci igiya?"

Habibu ya kalli igiyar, tsohon ya ci gaba.

"Na sani tun ranar farko. Shi ma ya san na sani. Amma aiki aiki ne. Ban taɓa bari ta jiƙe ba, ban taɓa bari ɓera ya taɓa ta ba. Sau uku na sake mata mariƙi da hannuna."

"Baba, ai injin nan..." Habibu ya fara, tsohon ya tari numfashinsa.

"An cire shi. Na sani. Injin ubanka sai ya yi tari sau biyu sannan ya kama, daga nan nake jin sa kullum. Yau kwana ashirin da bakwai ban ji shi ba. Amma Maman ya ci gaba da zuwa, ya karɓi igiya, ya tafi, ya dawo ya ce yau inji ya ba shi wuya. Ni kuma in ce masa buji ne ba ya ba da wuta, a sauya buji. Me zan ce? In na nuna na gane, na kunyata shi."

Habibu ya kalli murhun da ke gefen ɗaki. Tokar ta kwanta, ta daɗe ba ta ga wuta ba. Ya kalli zogalen da aka tsige.

"Kwana shidan nan me kake ci?"

"Indo ta aiko maƙwabciyarta da fura har sau biyu, na ce ta mayar. Ba a karɓi igiya ba, a kan me zan sha? Na tambaye ta ko Maman ba shi da lafiya, ta ce yana nan zaune a zaure, lafiyarsa lau. Sai na ce to, aiki ne ya ƙare. Dama kowane aiki yana ƙarewa."

Ya naɗe igiyar da kyau, zagaye bayan zagaye, ya miƙo ta inda yake jin numfashin Habibu.

"Tunda ka zo, kai masa kayansa. Ajiya ce, ba na so in mutu da ita a hannuna."

Kunya ta rufe Habibu, kunyar da ta fi tsoron da ya ji a asibiti. Shi ne ya cire injin. Shi ne ya sa wa ƙofa mai gadi. Shi ne ya ɗaure tsoho ɗaya a zaure, ya bar ɗayan da ganyen zogale, kuma har nuna wa mutane yake yi yana alfahari.

"Baba, ba ni na ba ka ba, ba ni zan karɓa ba. Riƙe ta, mai ita na zuwa."

Ya manta ma da moto. Da ƙafa ya koma, taku dubu da ɗari biyu. Ya tarar da mahaifinsa a zaure, ya fuskanci hanyar tabki kamar yadda Inna ta faɗa. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, daga wurin Baba Arziki nake."

Malam Maman ya juyo da sauri. "Yana zaune ko yana kwance?"

"Yana zaune. Baba, ka yafe min. Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Yaushe ka tambaye ni? Kuma ko ka tambaya, yunwar mutum ba labari ba ce da za a bayar. Na san ka. Da ka ji, da buhun shinkafa za ka ɗora a moto ka kai masa kowa na kallo. Da a ranar nan ka gama da shi."

Habibu ya sunkuyar da kai, don a hanyarsa ta dawowa buhun shinkafar yake lissafi.

"To yanzu me kake so in yi?"

Tsohon ya ɗago ya dube shi. Tun da aka haifi yaron nan bai taɓa jin wannan tambaya a bakinsa ba.

"Miƙo min takalmina."

Inna Indo ta fito da ƙwaryar fura a rufe da faifai. Ashe kullum sai ta dama ta ajiye, ko Allah zai sa. Malam Maman ya shige gaba yana jan ƙafar hagu, Habibu na biye da fura. Portabul ya yi ƙara a aljihunsa, an buɗe ƙofar zaure. Bai ko duba ba.

Suna karya kwanar dangogin kara Baba Arziki ya gyara zama.

"Ka makara, Maman."

"Na makara. Ba ni igiyata."

"Sai ka gaya min ko an sauya buji."

Suka yi dariya su biyu, idon Malam Maman ya cika da ƙwalla. Habibu ya ajiye furar ya koma gefe ya ba su wuri. Sun sha a hankali, ludayi ɗaya suna miƙa wa juna, suna zancen ruwan tabki da ya ja baya bana.

Da yamma Habibu ya kai mahaifinsa wurin majo, babban ma'aikacin jinya da ya duba shi ranar da ya faɗi. Majo ya auna tansiyo, ya ji labari, ya cire tabarau ya kalli Habibu.

"Wa ya ce ka ɗaure shi? Na ce kar ya ja inji cikin rana, kar ya tsallake magani. Tafiyar safe a hankali ai ita nake roƙon tsofaffi su yi. Kai injiniya, in ka sayi agogo sai ka zama likita?"

Habibu ya ce a yi haƙuri. Ranar dai haƙuri ya yi ta bayarwa.

Sauran matsala guda. Asiri ya riga ya fito, kuma Baba Arziki ya ce shi ba zai ci gaba da ajiye igiyar injin da ya mutu ba, yanzu da mutum na uku ya sani. Wannan karon Habibu bai yanke komai shi kaɗai ba. Ya zauna a ƙasa gaban tsofaffin biyu, ya faɗi abin da zai iya yi, ya tambaye su ko ya yi musu. Suka yi gardama, suka gyara masa, sannan suka yarda.

Ya cire famfon lambu daga portabul ɗinsa gaba ɗaya. Ya sa masa makunni mai makulli, kuma makullin guda ɗaya ne tak. In ba a sa shi an murɗa ba, ko rana ta ƙone pano ruwa ba zai fito ba. Baba Arziki da kansa ya ɗaure makullin a bakin tsohuwar igiya. Yanzu ajiyar ta gaske ce, in mai ajiya ya ɓatar da ita salati ya bushe.

Abu ɗaya tsohon ya roƙa. Ya ce sabon famfon nan ba shi da ladabi, yana aiki ba ya gaisuwa. Sai Habibu ya samo ƙahon wani tsohon moto ya haɗa, ya saita shi ya yi ƙara sau biyu duk lokacin da ruwa ya taso. Ranar da aka gwada, Baba Arziki yana zaune a bakin ɗakinsa ya karkata kunne. Da ya ji, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ya kama."

Ampul ɗin gidan na nan suna kunna kansu, Inna Indo har ta saba. Na'urar ƙofa kuwa Habibu ya ɓamɓare ta da hannunsa. Agogo ma ya so ya cire, Malam Maman ya ce a bar shi, yanzu ba abin da zai ɓoye.

Kullum ƙarfe bakwai da 'yan mintoci, a Maradi, Habibu yakan zauna wurin mai shayi kafin ya tafi aiki, ya ɗora portabul a kan benci. Taku na hawa har dubu da ɗari biyu, sai ya tsaya. Bugun zuciya ya fara sauka: saba'in, sittin da shida, sittin da biyu. In ya ga sittin da biyun nan ya san tsofaffin sun buɗe fura, sai shi ma ya ɗauki kofinsa. Ruwa kan makara a lambu kusan kullum, wani lokaci har ƙarfe takwas ta wuce, amma har yau salati bai yi ƙorafi ba.

Darasi: Na'ura za ta ƙirga maka takun mahaifinka, amma ba za ta gaya maka wurin wa yake zuwa ba. Kafin ka sauƙaƙa wa mutum rayuwa, zauna ka tambaye shi, domin wata wahalar da kake gani a jikinta rufin asirin wani yake rataye. Taimakon da ba a yi shawara da mai shi ba yana iya zama cuta, komai kyawun niyya. In kana da tsoho a gida, yau ka ajiye waya ka tambaye shi yadda safiyarsa take wucewa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu gyara wa iyaye rayuwa daga nesa.